Ya Kawo Hoto

Kwamfutar ta mutu ne ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar aikin Christabel. Allon ya yi baƙi ƙirin, fankoki kuma suka ci gaba da juyawa kamar ba abin da ya faru. Ta kashe ta kunna, ta canja waya, ta hure ƙura. Shiru. Mai gyaran da ke bayan layinsu ya aro furosesan wani kwastoma ya ɗora a kan bod ɗin, wato faifan da ake dasa kayan cikin kwamfuta a kansa, nan take injin ya tashi. Magana ta fito fili ke nan. Bod lafiyarsa lau, furosesa ne ya tafi, wato ɗan ƙarfen nan mai faɗin kwalin ashana da ke yi wa kwamfuta dukkan lissafinta.

Shagon da kwamfutar take ciki na yayanta ne, Felix. Gidan gem ne, wato wasannin kwamfuta, a Samaru, kusa da inda ɗaliban jami'a ke sauka daga bas. Ƙananan injina suna jere a gaba, babbar kuma tana lungu. Da yamma ta Felix ce da 'yan wasansa. Da safe ta Christabel ce, wadda ta karanta zanen gine-gine, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo gida ta tarar ba wanda ke jiranta da aiki. Sai a watan nan Madam Oby, mai wata makarantar firamare a unguwar Jama'a, ta ba ta aikinta na farko na gaske: zanen sabon ginin azuzuwa, da bidiyon da zai nuna ginin kamar an riga an gama shi, don a haska wa iyayen yara ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Madam Oby ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa in bidiyon bai zo ranar Asabar ba, akwai wani mutum a Kaduna da ke roƙon aikin. Zanen ya kammala. Abin da ya rage shi ne kwamfuta ta zauna ta fitar da bidiyon hoto bayan hoto, aikin da ke tatse furosesa har ƙarshen ƙarfinsa.

"Kai ka kashe shi, Yaya," in ji Christabel.

"Ni? A hannunki ya mutu fa."

"A hannuna ya faɗi. A hannunka ya kamu da ciwon. Sau nawa na ce ka daina ƙara masa wuta da gudu don yaranka su ji daɗin harbi? Ka ce kowa haka yake yi."

"To ai kowa haka yake yi."

"Ga shi nan kwance, ka tambaye shi ko ya ji daɗi."

Felix ya ja tsaki. Shi ma yana da tasa damuwar. Ya riga ya manna takardu a jikin bishiyoyi cewa akwai gasar gem ranar Asabar, kuma wasan ƙarshe a kan babbar kwamfuta ake yin sa, a haska a talabijin kowa ya gani.

"Gobe mu je PZ wajen Collins mu sayo wani," ya ce. "Kuma in mun je, ki bar ni in yi magana."

Washegari suka naɗe kwamfutar da tsohon zanin gado suka ɗora a keke. Christabel ta rungume injin a cinya, duk ramin da keken ya faɗa sai ta harari bayan kan direba.

Collins haifaffen Sabon Gari ne, iyayensa daga kudu suka zo, Hausa kuwa ta zauna a bakinsa daram. Tare suka yi sakandare da Felix, kuma Felix ne babban abokinsa ranar aurensa. Shagonsa siriri ne a cikin wani layin masu kayan lantarki, cike da kwamfutocin tokumbo har rufi.

"Oga Felix! Mai gidan gem na Samaru!" Ya rungume shi. Sannan ya dubi Christabel. "A'a, ƙanwarmu injiniya. Yaushe za mu sha biki?"

"Furosesa muka zo saye, Oga Collins."

"Kai, wannan ba ta gaisuwa."

"Ina kwana. Furosesa muka zo saye."

Ya yi dariya, ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin kanta, ya zazzage shi a kan tawul. Furosesoshi ne barkatai, suna gogar juna kamar kwabbai. A cikinsu biyu ne kawai ke shiga bod ɗinsu. Duka biyun a zamaninsu sai manyan kamfanoni da 'ya'yan masu hali, yanzu ga su a gwangwani.

Collins ya ɗaga na farko. "Wannan i7-6850K ne. Doki ne, Oga. Wancan kuma Xeon ne, na ofis. Jaki."

"Jakin muke so," in ji Christabel.

"Ke da wa?" Felix ya juyo.

Ta san bayanin ba zai shiga ba, amma ta yi shi. A cikin kowane furosesa akwai ƙananan ma'aikata da ke raba aiki, ita hannuwa take ce musu. Dokin Collins yana da hannuwa shida masu sauri. Xeon ɗin yana da goma sha huɗu, kowanne bai kai na dokin zafin nama ba. Gem ba ya amfani da hannuwa da yawa, 'yan kaɗan masu sauri yake so. Fitar da bidiyo kuwa yana cinye duk hannun da aka ba shi.

"Kin ji da bakinki," in ji Felix. "Gem sauri yake so."

"Na faɗa, kuma gaskiya ne. Da Xeon gem ɗinka zai ɗan ragu, amma katin da ke fitar da hoto a allo ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, yaranka ba za su ma lura ba. Ni kuma aikina zai fita a kusan rabin lokaci. Kai za ka rasa kaɗan, ni zan rasa komai. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ba ni dokin nan in gani."

Ta juya shi a hasken ƙofa. Rubutun da ke bayansa ya dushe, ƙarfen ya yi sheƙi irin na abin da aka goge da takardar yashi.

"Wa ya goge shi?"

"Haka ya zo," in ji Collins.

"Na sani haka ya zo. Masu ƙara wa furosesa wuta ne ke goge bayansa don ya rage zafi. Wanda ya mallaki wannan a can ƙasarsu irin Yaya ne, ya gasa shi shekaru sannan ya jefar. Xeon ba ya karɓar irin wannan wasan, a kulle yake daga masana'anta. A ɗaki mai sanyi ya yi rayuwarsa."

Collins ya kalli Felix. "Oga, da kai nake ciniki ko da lakcara?"

"Da ni. Sa dokin."

Yanzu sai a zo ga gwaji. A layin nan, kamar a layuka da yawa a garin nan, gwajin kayan kwamfuta abu ɗaya ne. A haɗa, a kunna, in allo ya kawo hoto an gama. Mai saye da mai sayarwa su tafa, kaya ya zama na mai saye, ko da zai mutu kafin a kai bakin titi. Ba wanda ya taɓa zama ya tambayi ko wannan gwajin yana gwada wani abu. Furosesan da ya kusa mutuwa ma yana kawo hoto, kamar yadda mai ciwon zuciya ke iya tashi ya gaishe ka. Sai an ɗora masa kaya ake sanin halinsa. Amma mun gaji abin haka, mun saba, kuma duk wanda ya nemi ƙari sai a ce ya raina mutane.

Collins ya tayar da ƙaramin janaretansa, ya dasa furosesan a kwamfutarsu, ya shafa masa man sanyaya a baya, ya ɗaura fanka, ya danna. Allo ya yi haske. Hoton teku da Felix ya sa a fuskar kwamfutar ya bayyana.

"Ya kawo!" in ji Collins. Ya miƙa hannu, Felix ya tafa.

"Ba a gama ba," in ji Christabel. Ta jawo kujerar roba ta zauna a gaban allon. "Aikina yana ciki. Zan sa shi ya fara fitar da bidiyo. In ya jure na ɗan lokaci, mun ɗauka."

Fuskar Collins ta canja. "Me kike nufi?"

"Gwaji nake nufi."

"An yi gwaji. Idonki bai gani ba?"

"Na ga teku. Ban zo sayen teku ba."

"Wato ni ɓarawo ne. Felix, ka kawo ƙanwarka shagona ta ce mini ɓarawo."

"Ban ce maka ɓarawo ba. Kai ma ba ka san cikinsa ba, a gwangwani ka same shi. Mai sayen babur yana hawa ya zaga gari. Mai sayen akuya yana buɗe bakinta. Ni ce kawai za a ce in kalli hoto in yi godiya?"

"Tashi, Christabel," in ji Felix a hankali.

"Ba zan tashi ba."

Hayaniyar ta jawo maƙwabta. Masu shagunan gefe suka cika ƙofa, wani ya ruga ya kira Baba Sebastian, shugaban layin, wanda ke sayar da rediyo da na'urar daidaita wuta tun kafin a haifi yawancinsu. Dattijo ne a cocin da mahaifiyar su Felix ke zuwa. Ya shigo yana gyara tabarau, aka ba shi wuri.

"'Yata, ba ke ce 'yar Lucia ba? Me ya yi zafi?"

Christabel ta miƙe ta rusuna. "Ina kwana, Baba. Roƙo nake a bar ni in gwada kayan da za mu saya."

"Bai kawo hoto ba?"

"Ya kawo, Baba."

"To ai shi ke nan. Haka muke yi a nan tun kina goye. In kowa ya ce sai ya zauna ya yi aikin ofishinsa a shagon mutum, wa zai sayi man janareta? Yaushe za a sallami na baya?"

"Ba kowa a baya, Baba. Man kuma ni zan saya."

"Ba maganar mai ba ce. Maganar amana ce. Collins ɗanmu ne, yayanki abokinsa ne. Mutum ya ba ka hannu, ka ce sai ka ƙirga yatsunsa?"

"In kayan lafiyayye ne, Baba, me gwajin zai rage masa? Ku faɗa mini abu ɗaya da zai rage masa, in tashi in tafi."

Wani daga ƙofa ya ce, "Boko ya yi mata yawa." Aka yi dariya. Wani ya ce shi ya sa har yanzu take gidan uwarta. Felix ya sunkuyar da kai yana murza makullin shagonsa.

Baba Sebastian ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya soma jawabi a kan ladabi, da yadda 'yan jami'a ke zuwa da takarda su ɗauka sun fi kowa, da yadda layin nan ya zauna lafiya shekara da shekaru ba tare da an kai kowa ofishin 'yan sanda ba. Yana cikin magana Christabel ta miƙa hannu ta baya ta danna.

Fankar furosesan ta ɗauki kuka. A allon, ginin Madam Oby ya soma fitowa gutsure-gutsure, rufin kwano ja, baranda mai ginshiƙai, bishiyar mangwaro a tsakar fili. Har masu dariyar suka matso suna kallo.

"Kai, wannan ita ta zana?" wani ya tambaya.

Hoto na farko ya fita. Na biyu ya fita. Collins ya naɗe hannu a ƙirji yana murmushi. "Kun gani? Doki."

Ana tsakiyar na biyar komai ya tsaya. Rabin baranda ya daskare. Allon ya koma shuɗi, injin ya kashe kansa ya sake tashi, tekun Felix ya dawo yana sheƙi.

"Ya kawo hoto," in ji Christabel.

Ba wanda ya yi dariya. Ta ɗauka magana ta ƙare ke nan, kowa ya gani da idonsa. A nan ne ta yi kuskuren lissafi, don ba ta san iyakar abin da mutane za su yi don kada a ce al'adarsu ba ta da amfani ba.

"Ta lalata mini kaya!" Collins ya daka tsawa. "Kowa shaida ne, lafiya lau yake kafin ta taɓa. Ta sa masa abin da ya fi ƙarfinsa."

"Abin da aka ƙera shi don ya yi ke nan!"

"Wa ya ba ki izinin dannawa?"

Duka suka juya ga Baba Sebastian. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ni abin da na sani," ya ce, "kaya ya kawo hoto, an tafa. Daga nan ya zama na Felix. Abin da ya same shi bayan haka, a hannun masu shi ya same shi."

"Baba, kun gani fa da idonku."

"Na ga yarinya ta danna abu ana mata magana."

Christabel ta juya ga yayanta. "Yaya, ka yi magana. Ka ce ba ka ɗauka. Abokinka ne, ka ce ya canja mana da Xeon, magana ta mutu."

Felix ya dubi Collins, ya dubi mutanen da ke ƙofa. A layin nan yake sayen duk wani abin da shagonsa ke buƙata, a nan ake kiransa Oga.

"Na tafa," ya ce. "Ni ba ƙaramin mutum ba ne. Na ɗauka."

"Ka ɗauki gawa don kunya?"

"Rufe mini baki."

Ta juya ga Collins. "To ni ka sayar mini da Xeon ɗin. Ni kaɗai, ba ruwan Yaya."

Collins ya ɗauki Xeon ɗin da yatsu biyu, ya jefa a gwangwani, ya rufe. "Ba na sayarwa ba ne."

Ta fita ta bi layin shago-shago. Duk inda ta shiga labari ya riga ta. Babu. Ya ƙare. Sai wani satin. A wani shagon tana ganin irinsa a cikin gilas mai shagon ya ce na wani ne. Ta dawo ta tarar Felix ya riga ya naɗe kwamfutar yana jiran keke.

Ranar Juma'a ta wuni a lungun shagon tana lallashin furosesan. Ta shiga saitin bod ta rage masa gudu, ta sa aiki, ya faɗi. Ta ƙara ragewa, ya ɗan jure, ya faɗi. Sai da ta mayar da shi ƙasa da gudun da aka ƙera shi da shi, ƙasa da na tsohon da ya mutu, ƙasa da na jakin da aka hana ta, sannan ya tsaya da ƙafafunsa. Hotuna suka soma fita ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar ɗigon famfo. Ta rage ingancin inuwa, ta cire wasu bishiyoyi, ta yanke wani zagaye da kyamara ke yi ta bayan ginin. Duk da haka lissafin da ke ƙasan allon ya nuna sai Asabar da la'asar. Ta haɗa injin da batirin solar shagon, ta manna takarda a jikinsa cewa kada a taɓa.

Asabar tun kafin azahar ɗalibai suka cika shagon. Aka yi wasannin farko a ƙananan injina, ana ihu ana zagin juna. Christabel tana lungu, ta ja kujerarta ta tare soket ɗin bango da bayanta. Da aka zo wasan ƙarshe Felix ya ƙaraso.

"Tashi."

"Saura kaɗan."

"Tun jiya kike cewa saura kaɗan. Mutane na jira."

"Su jira."

Ayodele, wani dogon ɗalibin injiniya da ya kai wasan ƙarshe, ya leƙo. "Anti, don Allah a taimaka mana. Yau zan koya wa yaron nan hankali, kada ya samu hanyar gudu."

"Wa zai gudu?" abokin karawarsa ya ce daga baya. "Kai da ka ci wancan da sa'a?"

Felix ya sa hannu a kan maɓallin kwamfutar. "Zan kashe."

"Kashe," in ji Christabel. Ba ta ɗaga murya ba. "Amma kafin ka kashe, ka gaya musu abin da za su samu. Ko in gaya musu?"

"Christabel."

Ta miƙe ta fuskanci ɗaliban. "Ko na tashi, injin nan ba zai yi muku gem ɗin da kuka saba ba. Furosesan da ke ciki mara lafiya ne. In an bar shi a hankali, wasanku zai riƙa tsalle. In an mayar masa da gudunsa, zai mutu a tsakiyar wasa. Ayodele, kai injiniya ne, zo ka duba."

Ayodele ya matso ya karanta lambobin da ke gefen allon. Ya yi fito. "Oga Felix, wannan gudun ai na laftof ɗin kakata ne. Ba ka gwada ba kafin ka saya?"

"An gwada," in ji Christabel. "A gaban mutane ya faɗi. Ya ɗauka duk da haka, don kada abokinsa ya ji kunya."

Shagon ya ɗauki dariya. Wani ya ce Oga Felix mutumin kirki ne, a sayar masa da tsohuwar waya. Wani ya ce a mayar da wasan ƙarshen kan ƙaramin inji kawai, yunwa yake ji. Suka koma gaba suna ta tsokana, aka ja talabijin aka haɗa da ɗaya daga cikin ƙananan.

Felix bai bi su ba. Hannunsa yana nan a kan maɓallin. Idanunsa sun yi ja.

"A gaban yarana," ya ce. "A shagona."

"Kai ma a gaban layin PZ ka bar ni."

Ya janye hannun.

"Ki gama. In kin gama ki kwashe duk abin da yake naki. Kada in sake ganin ƙafarki a nan."

"Na ji."

"Kuma ke za ki gaya wa Mama dalili."

"Zan gaya mata. Duka zan gaya mata."

Hoto na ƙarshe ya fita ana kiran sallar la'asar a masallacin bakin titi. Ta haɗa bidiyon, ta kalla sau ɗaya a tsaye, ta kwafe a filas, ta tare ɗan acaɓa zuwa Jama'a.

Madam Oby tana ofishinta da fanka a gabanta da tulin littattafan yara. Mace ce mai jiki, ba ta ɓata lokaci a gaisuwa. Ta sa bidiyon a laftof ɗinta ta kalla, ta mayar baya ta sake kallo.

"Ina bayan ginin? Kin ce za a zaga ta baya."

"Na yanke, Madam. Injin ya ba ni matsala."

"Matsalar injinki ba tawa ba ce."

"Haka ne, Madam."

Madam Oby ta tsayar da bidiyon a kan barandar, ta matso da fuskarta. "Amma wannan ya yi. Iyayen nan in suka ga wannan za su yarda da gaske nake. Na karɓa." Ta jingina. "Bayan taro ina son a mayar da ƙofar shiga ta fuskanci titi, a ƙara ɗakin karatu a sama. Sabon bidiyo, cikakke, har da bayan. Za ki iya, ko in kira na Kaduna?"

Christabel ta tuna ba ta da inji, ba ta da lungu, kuma ba mai sayar mata da ko waya a layin Collins.

"Zan iya, Madam. Amma zan je Kaduna da kaina in haɗa tawa kwamfutar. Kuma ina neman alfarma. In akwai wani ɗaki a makarantar nan da ba a amfani da shi, mai soket, ina so in riƙa aiki a ciki."

Madam Oby ta dube ta sama da ƙasa. "Me ya sami shagon yayanki?"

"Mun rabu."

"A kan me?"

"Na nemi a gwada kaya kafin a saya."

Madam Oby ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci. "Akwai sito a bayan ofishin nan, cike da karyayyun benci. In za ki share, naki ne. Amma ba na son hayaniya a makarantata."

"Ba za a yi ba, in dai ba a hana ni duba abin da zan saya ba."

"Wannan tsakaninki da 'yan kasuwa." Ta ɗaga murya ta kira direbanta. "Japheth! Kai ta Samaru ta kwaso kayanta. Kada ka tsaya surutu, ina son motar kafin magariba."